Yadda ake canza sifirin baya na tsohuwar Hilux, da yadda ake ƙara mata ƙarfi ba tare da an lalata ta ba

Wannan bayanin na masu tsohuwar akori-kura ne wadda bayanta ya zauna, musamman Hilux, amma mai L200 ko Nissan ko Peugeot 504 fikof shi ma zai amfana, don tsarin sifirin baya kusan ɗaya ne a dukkansu, fallayen ƙarfe ne da aka jera wani kan wani, aka haɗe su da bol ɗaya a tsakiya wanda ake kira santa bol, aka ɗaure su a jikin aksil da yu-bol, wato bol mai lanƙwasa kamar harafin U. Aikin ba ya buƙatar kwamfuta ko wata na'ura mai tsada, yana buƙatar haƙuri da ƙarfi da mutum biyu. Amma akwai ƙananan abubuwa da ake rainawa a gareji da yawa, kuma su ne suke sa sabon sifirin ya mutu kafin shekara.

Kafin ka kashe kuɗi ka tabbatar sifirin ne matsalar. Ka sauke duk kayan da ke baya, ka tsayar da motar a wuri mai daidai, ka ɗauki tef ka auna daga tsakiyar taya zuwa bakin bodi da ke samanta, hagu da dama, ka rubuta. In bambancin ya kai santimita 2 ko ya wuce, ɗaya ɓangaren ya gaji ko falle ya karye. Sai ka leƙa ƙasa. Lafiyayyen sifirin yana da lanƙwasa, wanda ya mutu zaka ganshi ya miƙe sumul, wani ma har ya fara lanƙwasawa ta baya. Duba robar nan da ke tare aksil kada ya daki shasi, in ka ga ta farfashe ko wurin da take duka ya yi ƙyalli saboda yawan bugu, to motar ta daɗe tana zama a kanta. In kuma mai binka a baya yana ce maka motarka tana tafiya a karkace kamar kaguwa, yawanci santa bol ne ya karye aksil ya zame a gefe ɗaya, wannan kam kada ka sake ɗora mata kaya sai an gyara.

Kayan aiki

Jak guda biyu, ɗaya na ɗaga mota ɗaya na riƙe aksil, in akwai na kwalba mai mai ya fi. Ƙafafun ƙarfe na tokare shasi guda biyu. In babu su, a samu kututturen katako mai kauri da faɗi, lafiyayye marar tsagewa. Bulon siminti dan Allah a'a, yana fashewa lokaci guda ba tare da ya yi ƙara ba, kuma kai ne a ƙasa. Sifana da soket masu lamba 12, 14, 17, 19 da 22, dogon faif na ƙara wa sifana ƙarfi, babbar guduma, ƙarfen bugo fin, burushin waya, ƙarfen banƙara, kilam (ƙarfen matsewa) guda biyu masu ƙarfi in zaka buɗe fallaye, da giranda saboda bol ɗin da ya ƙi fita. In zaka iya aron sifanar nan mai awon ƙarfin ɗauri ka aro. Sai man fesa tsatsa irin WD-40, in babu ka haɗa kananzir da ɗan baƙin mai, yana aiki sai dai yana son lokaci.

Kayan da zaka saya: sifirin guda biyu, yu-bol sababbi guda huɗu da notinsu da washa, bushin gaba ɗaya (robar da fin yake bi ta cikinta) na gaba da na shakul (ƙarfen da ke rataye ƙarshen sifirin na baya a jikin shasi), da shokozoba biyu in naka sun gaji. Shakul da fin ka duba naka tukuna, in sun ci sai ka saya.

Maganar sifirin biyu, na san mutane suna canza ɗaya saboda kuɗi, amma sabo a gefe guda tsoho a gefe guda motar zata karkace ne, kuma sabon shi zai riƙa ɗaukar nauyin har ya gaji da wuri. Yu-bol kuma ba a maimaita shi. In an ɗaure shi sau ɗaya ya riga ya miƙe, zaren ya lalace, ko ka ji noti ya yi tauri a hannunka ba ya matse fallayen yadda ya kamata, kuma sakin yu-bol shi ne babban abin da ke karya santa bol da karya falle a tsakiya. Kuɗinsa kaɗan ne in ka kwatanta da na sifirin.

In zaka je kasuwa, ko Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ko duk inda kake saye, ka tafi da awo a rubuce, in da hali ma ka tafi da tsohon sifirin ɗin kansa. Awon da ake buƙata: faɗin falle, tsawo daga idon gaba (zoben ƙarshen falle inda fin yake shiga) zuwa santa bol, tsawo daga santa bol zuwa idon baya (ka bi lanƙwasar da tef, kada ka auna a miƙe), girman ramin ido, da yawan fallaye. Hilux kala-kala ce, na fowil (mai ja da taya huɗu) daban na tuwil (mai ja da taya biyu) daban, kuma ko shekarun sun yi kusa tsawon yakan bambanta. In na hannu zaka saya, ɗan Beljiyam, ka kifa biyun a ƙasa gefe da gefe ka ga ko tsayin lanƙwasarsu ɗaya ne, ka kankare tsatsa kusa da ido da kusa da santa bol ka nemi tsagewa, ka kuma lura da sabon baƙin fenti mai kauri, wani lokaci walda ake rufewa da shi.

Matakan aiki

1. Jiƙa notina tun jiya. Ka goge zaren yu-bol da na shakul da fin ɗin gaba da na shokozoba da burushin waya, ka fesa musu mai da yamma, ka sake fesawa da safe.

2. Tsayar da mota a ƙasa mai tauri, ba yashi ba. Ka sa giya ɗaya, ka tare tayoyin gaba da dutse ko katako gaba da baya, domin da zarar bayan ya bar ƙasa hambirki ba shi da amfani. Sassauta notin taya tun tana ƙasa, ka ɗaga ta tsakiyar aksil, ka sa abin tokare a ƙarƙashin shasi, gaba kaɗan da inda sifirin ya maƙale, hagu da dama. Shasi ake tokarewa ba aksil ba, don aksil ɗin kana so ya riƙa hawa da sauka da jak. Cire tayoyi ka tura su ƙarƙashin shasi su zama kariya ta biyu. Ka girgiza motar da hannu da ƙarfi kafin kowa ya shiga ƙasa.

3. Gefe ɗaya ake yi a gama kafin a taɓa ɗayan. In ka kwance biyun lokaci guda aksil zai juya, farfela ta ja shi, ka ɓata rabin yini kana neman mayar da shi. Ka sa jak na biyu ƙarƙashin aksil a gefen da zaka fara, ka ɗan ɗaga shi har ya karɓi nauyin, sai ka kwance shokozoba ta ƙasa.

4. Kwance yu-bol. Ka riƙa sassauta notinan huɗu kaɗan-kaɗan bi da bi. In sun ƙi, kada ka wahalar da kanka tunda dama ba maimaita su zaka yi ba, ka yanke su da giranda, amma ka sa gilashin kare ido, ka kuma lura tankin mai da tiyon birki suna kusa. Ka ajiye farantin da suke ɗaurewa a kai da robar tarewa yadda ka same su don ka tuna fuskarsu, ɗaukar hoto da waya kafin ka kwance yana taimakawa sosai.

5. Raba aksil da sifirin. A Hilux mai fowil sifirin yana zaune ne a saman aksil, sai ka sauke jak a hankali har kan santa bol ya fita daga raminsa. A yawancin tsofaffin masu tuwil sifirin yana ƙarƙashin aksil ne, to a nan ɗaga aksil zaka yi sama. In saukewa kake yi idonka ya kasance kan tiyon birki na roba da ya sauko daga shasi zuwa aksil, da wayar hambirki, da wayar ABS in motar tana da ita. Da ka ga ɗaya ya fara miƙewa ka tsaya, ka kwance maƙalinsa ya samu sarari. Tiyon birki in ya ja yakan lalace ta ciki ba tare da ka gani a waje ba, sai ranar da ka taka birki da kaya ya fashe.

6. Cire shakul na baya, sannan fin ɗin gaba. Nan ne aikin yake cin lokaci. Fin ɗin da ya shekara goma sha a wurin yakan manne da bushin saboda tsatsa, ka buga ka buga robar tana mayar maka da gudumar. Ka mayar da noti a bakin zaren kafin ka buga don kada bakin ya baje, wani ya tokare ɗaya gefen maƙalin da wata gudumar don bugun ya shiga fin ɗin ba ya lanƙwasa maƙali ba. In an yi an yi ya ƙi, ka yanke shi ta gefe biyu tsakanin ido da maƙali ka sa sabo. Wuta kuma ka bar ta, musamman a ɓangaren tanki. In fin ya fita mutum biyu su sauke sifirin, yana da nauyi kuma yana son faɗa wa mutum a ƙafa.

7. Yanzu da wurin ya buɗe ka duba abin da ba a gani da. Ka goge maƙalin gaba da wurin shakul a jikin shasi ka nemi tsagewa ko ramin da ya buɗe ya zama kamar ƙwai. Tsofaffin motocin da suka sha lodi da gargada sukan tsage daidai nan. Ka duba kujerar sifirin da ke jikin aksil, ramin santa bol ya zama zagaye daidai, in ya buɗe a cike shi a sake hudawa. Fin ɗin shakul in ka shafa ka ji ya yi tsani ko ya sirance a tsakiya ka canza shi, don zai cinye sabon bushin cikin 'yan watanni.

8. Sa bushin a sabon sifirin. In na baƙar roba ne ka shafa masa ruwan sabulu kawai, giris da baƙin mai suna cin irin wannan robar har ta kumbura ta ruɓe. In irin masu kalar nan ne masu tauri, ja ko rawaya, su kuma suna son giris ɗinsu da yake zuwa a cikin ledar, in ba a sa ba ƙara zasu dame ka da ita.

9. Ɗora sabon sifirin. Ka ajiye shi kusa da tsohon ka gane gaba da baya, yawanci ɓangaren da ya fi gajarta daga santa bol shi ne gaba, kuma in falle na biyu ya naɗo ya rungumi ido a gefe ɗaya, wannan gefen ne gaba. In ka juya shi tayar ba zata zauna a tsakiyar ramin bodi ba. Wasu sababbin kuma ana rubuta hagu da dama a jikinsu saboda ɗaya ya ɗan fi lanƙwasa, ka duba kafin ka ɗora. Ka fara sa fin ɗin gaba, sannan shakul, notinan ka ɗaura su da hannu kawai tukuna. Shakul ya kasance yana kallon inda tsohon yake kallo, kada ya kife ta gaba.

10. Haɗa aksil da sifirin. Ka ɗaga jak a hankali (in sifirin yana ƙarƙashin aksil ne, sauke shi zaka yi) har kan santa bol ya faɗa cikin ramin kujerar. Da wuya ya faɗa da kansa, sai an tura aksil gaba ko baya da ƙarfen banƙara ko an ja shi da igiyar ɗaure kaya mai ƙugiya. Kada ka sa yatsa tsakanin sifirin da kujera kana lalube, ka haska da tocila ka gani da ido. Wasu in ya ƙi shiga sai su ɗaure yu-bol a haka su ce zai zauna a hanya, ba ya zama, karyewa yake. Tsakanin sifirin da kujera ya zama tsaf, ba ƙasa ba tsatsa ba giris.

11. Ɗaure yu-bol. Ka jera su a miƙe, ka ɗaura notinan a gicciye kaɗan-kaɗan, wannan kusurwa sai wadda ke kallonta, har zaren da ya fito ƙasan kowane noti ya zama tsawo ɗaya. A Hilux mai fowil ƙarfin ɗaurin yana wajen 120 Nm, na shakul wajen 90, amma in kana da littafin motarka bi nashi. In babu sifanar awo, ka yi amfani da sifana mai tsawon rabin mita ka ja da ƙarfin hannu sosai, ba a hawa kan faif da ƙafa ana tsalle. Ka mayar da shokozoba da maƙalan tiyo, ka koma ɗaya gefen ka maimaita tun daga mataki na 3.

12. Wannan matakin shi aka fi tsallakewa. Ka sa tayoyi, ka sauke motar ƙasa gaba ɗaya, ka hau baya ka girgiza ta sau da yawa ko ka tura ta gaba da baya, SANNAN ka ɗaure fin ɗin gaba da shakul da shokozoba ɗaurin ƙarshe. Dalili shi ne bushin roba ba juyawa yake a kan fin ba, murɗewa yake. In ka matse shi aksil yana rataye a sama, da ka sauke mota ya riga ya murɗe tun ba a ɗora komai ba, in aka ƙara kaya sai ya yage. Da yawa daga masu cewa bushin yanzu ba shi da kyau, wannan ne ya same su.

13. Ka zaga da ita a hankali, ka gwada birki, ka saurari ƙara. Bayan tafiyar kamar kilomita 100 ka sake bin yu-bol da sifana, zaka yi mamakin yadda zasu ƙara karɓa, saboda fenti da ke tsakanin fallaye yana murƙushewa su zauna. Ka sake bi bayan lodin farko mai nauyi.

Maganar ƙara ƙarfi

Hanyar da ta fi kyau ita ce ka sayi cikakken sifirin mai ƙarfi wanda aka ƙera don lodi, fallayensa sun dace da juna tun daga kamfani. Amma ka yi wa kanka gaskiya kan aikin da motar take yi. In kullum tana ɗauke da buhuna ko tankin ruwa ko injin, mai ƙarfin ya dace da kai. In yawanci babu kaya kake yawo, sifirin mai tauri zai sa bayan ya riƙa tsalle a gargada, tayoyi su riƙa barin ƙasa, kuma a kwana ko kan jiƙaƙƙiyar kwalta bayan yana iya zamewa.

Hanya ta biyu mai sauƙin kuɗi ita ce ƙara falle ɗaya, kuma tana aiki in sifirin naka bai mutu ba, ya ɗan sassauta ne kawai. Ka matse sifirin da kilam biyu, ɗaya kowane gefen santa bol, kafin ka taɓa notin, domin fallayen a matse suke kuma in suka ɓalle lokaci guda suna karya hannu. Ka kwance notin, ka sassauta kilam ɗin a hankali bi da bi har su saki. Ka goge kowane falle, ka sa sabon a inda tsawonsa ya dace, wato ƙarƙashin wanda ya fi shi tsawo saman wanda bai kai shi ba, faɗinsa ya zama daidai da sauran. Ka jera ramukan da dogon ƙarfe, ka matse da kilam har su haɗe, sannan ka zura sabon santa bol mai tsawo. Kilam ne yake haɗa fallaye, kada ka ja su da santa bol, zarensa zai tafi. Ka yanke ragowar da ya fito. Ka tuna sifirin ya ƙara kauri, don haka yu-bol ma sai mai tsawo, kuma ƙananan maƙalan da ke riƙe fallaye kada su baje a mayar da su. Dogon falle ya fi gajere mai kauri, gajeren yana tara wahala a wuri ɗaya har ya karya na samansa. Falle ɗaya kowane gefe ya isa, in kana ganin sai biyu ko uku to sifirin ne ya mutu, ka canza shi.

Abubuwan da ba na so ko kaɗan: yi wa karyayyen falle walda, da gasa sifirin da wuta don a lanƙwasa shi. Ƙarfen sifirin an dafa shi an sanyaya shi ta hanya ta musamman, shi yasa yake lanƙwasa ya dawo. Da wuta ta taɓa shi wurin ya tashi daga aiki, ko ya yi laushi ko ya yi gautsi ya karye daidai gefen waldar. In babban falle mai ido ne ya karye a kan gudu aksil ne zai koma baya. Bugun sifirin da guduma a sanyi don dawo da lanƙwasa ya fi wuta dama, zai iya kai ka ƙarshen kaka in kuɗi bai zo ba, amma zai sake zama. Dogon shakul da ake yankowa daga ƙarfen gini da dungun ƙarfe da ake sawa tsakanin aksil da sifirin suna ɗaga mota ne a ido, ba sa ƙara mata ƙarfin ɗauka ko na kilo ɗaya.

In motar ta ɗagu sama da yadda take, akwai abubuwan da dole su bi. In ɗagin ya kai santimita 4 zuwa 5 tsohon shokozoba zai yi gajere, zai riƙa kaiwa ƙarshe yana bugawa har ya tsinke maƙalinsa, sai ka nemi mai tsawo, amma kada ya yi tsawon da zai ƙare matsewa kafin aksil ya taɓa robar tarewa. Tiyon birki ka duba shi aksil yana rataye, in ya miƙe ka sa mai tsawo ka fitar da iska. Sai wani ɗan bawul na birki da tsofaffin Hilux suke da shi a jikin shasi ta baya, mai dogon siririn ƙarfe da ya tafi ya maƙale a aksil. Aikinsa ya gane nauyin kaya, in baya ya zauna sai ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. Da ka ɗaga mota sai ya ɗauka kullum babu kaya, ya rage birkin baya alhali kana ɗauke da lodi. Gyaran shi ne a ɗaga maƙalin ƙarfen na jikin aksil daidai da yawan santimitar da motar ta ɗagu, shi yasa awon da ka rubuta tun farko yake da amfani. Kada ka yarda a cire shi ko a ɗaure shi da waya. In ka ji motar ta fara rawa lokacin tashi wadda da ba ta yi, kusurwar farfela ce ta canza, akwai siririn ƙarfe mai gangara da ake sawa ƙarƙashin sifirin ya gyara ta. Fitilun gaba ma a sake saita su tunda baya ya tashi sun sunkuya.

Gaba kuma ya danganta da motar. Tsofaffin fowil irin LN106 sifirin falle ne a gaba ma, aikin kusan ɗaya ne sai dai akwai sandunan sitiyari a wurin, kuma ba a taɓa sa dungu a aksil ɗin gaba. Masu "toshon ba", wato doguwar sandar ƙarfe mai murɗewa a madadin sifirin, ana ɗan ƙara musu tsayi da bol ɗin saiti, kaɗan dai, hagu da dama daidai, in ka cika zai ci bol join da dirabin shaf. Hilux daga 2005 zuwa sama sifirin naɗi ne a gaba haɗe da shokozoba, wannan kada ka buɗe shi sai da abin matse shi na musamman. Duk wanda ka taɓa a ciki ka kai alaimen.

Sifirin mai ƙarfi yana hana baya zama, amma aksil da borin taya da birki da shasi suna nan yadda kamfani ya yi su. Hilux kayan da aka yi ta don su wajen tan ɗaya ne har da mutanen da ke ciki, wato buhun masara mai kilo 100 guda goma ma ya cika ta. Mai ɗora ashirin don ya ga bayan bai zauna ba, wahalar ta koma kan shasi ne daidai bayan gidan direba da kan borin ɗin aksil. In zaka yi lodi ka tura masu nauyi gaba kusa da gidan direba su zauna saman aksil ko gabansa, ka duba lambar nauyin da ke jikin tayoyinka, ka ƙara musu iska daidai da abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba na lokacin ɗaukar kaya.